Tabon da Na Yi wa Motata

Kun daɗe kuna ba ɗiyanku labari cewa kakarsu ta taɓa ɗaukar wuƙar albasa ta karce sabuwar mota don baƙin rai. A bakin jikata na ji shi, tana faɗi tana dariya, kuma na san gidan da ta samo shi. To, na karce ta. Da hannuna na dama, da safe, maƙwabta na kallo, kuma har yau ban roƙi gafarar kowa ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne rabin labarin da kunka yanke kunka yar. Kuna faɗin wuƙa, ba ku faɗin ƙafar Yaya Biba. Kuna cewa motar yayanku, alhali ko ƙusa guda a jikinta ba da guminsa anka saye ta ba. Tunda Allah ya sa na koyi riƙon alƙalami kafin in mutu, zan aje muku shi yadda ya faru.

Shekara talatin da wani abu ina saida albasa a kasuwar Malanbil. Na hau saman kamiyo, babbar motar kaya, da ciki, na hau da goyo, na kwana bisa buhu a bakin duwan, wurin ƴan kwastan, ina jiran a sa wa takarda hannu. Bayan rasuwar babanku na ƙara ƙaimi, don babu wanda zan juya in kalla. Da na ga ƙarfina ya fara raguwa sai na ce zan sayi mota tawa ta kaina, mai tsayin ƙafa, wadda ba ta tsoron rami. Ban saye ta don a ce Hajiya Ramu ta yi mota ba. Ina son in riƙa zuwa gonaki in ga albasa tun tana ƙasa, kafin dillalai su riga ni. Kuma ina son duk ranar da ciwo ya kama wani nawa a ƙauye, a ɗauko shi kwance kamar mutum. Wadda nike nufi a zuciyata ita ce Yaya Biba. Ku kun san ta tsohuwa mai raha da ke kawo muku shinkafa da busasshen kifi. Ni na san ta yarinya ƴar shekara goma sha biyu da ta goya ni ranar da anka binne innarmu, ba ta sauke ni ba sai da na iya tafiya. Ta yi aure a Tumbutu, tamu ta nan bakin fadama, ba waccan ta Mali ba, can ta zauna tana noman shinkafa har ta tsufa.

Ni ban san mota ba sai hawanta, don haka na aiki ɗana na fari birnin Kwatano ya zaɓo. Bakina bai taɓa kama sunansa ba, kun sani, haka anka raine mu: uwa ba ta kiran ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta ja-in-ja da shi a gaban mutane. Amma alƙalami ba ya jin kunya. Isufu. Lokacin yana da mata da ɗiya biyu, yana da permi na tuƙi, yana da ƴar rumfar saida salula kusa da tasha. Na ce ya yi sati guda, ya yi kwana goma sha ɗaya. Ranar da ya iso unguwa ta cika, motar baƙa wuluk tana walƙiya kamar an fiddo ta daga ruwa. Na zagaya ta, na kai hannu zan shafa kapo, murfin injin, ya riƙe mini hannu.

“Inna, a hankali. An sa mata leda.”

“Wace leda? Ni ban ga leda ba.”

“Ai ba a ganinta. Shi ne kyawunta. Shi ya tsai da ni kwana huɗu.”

Ya kai yatsana gefen kapo, sai na ji ɗan tudu siriri kamar bakin farce. Ya ce wata roba ce mai haske da ake manna wa fenti, an rufe gaba duka da ƙofofi da madubai, baya kaɗai anka bari. Ya ce tsakuwar da manyan motoci ke watsowa a hanyar Paraku zuwa Kandi ita ke cinye gaban mota, amma in da ledar, sai ta ci leda ta bar fenti. Da ya ga ban gamsu ba sai ya sa matarsa ta kawo buta da ruwan zafi. Ya ɗauki burushin ƙarfe na wanke tukunya ya goga a ƙofa har layuka sunka fito fari fat. Mata sunka sa salati. Ya zuba ruwan zafin, muna kallo layukan sunka narke, wurin ya koma sumul. Baba Hima, tsohon direban kamiyo da ke ƙofar gidanmu, ya cire hula ya mayar.

“Kai, Nasara bai bar komi ba. Hajiya, wannan ko cikin ƙaya kinka shiga da ita, sai dai ƙayar ta ji kunya.”

Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Da na ji abin da ledar ta ci daɗin ya ragu, don ya isa sayen bijimi, kuma daga ragowar da ya kamata ya maido mini ya biya, bai tambaye ni ba. Amma na ce a raina, in dai za ta bar ni in shiga gona hankali kwance, ta biya kanta.

Sai dai na manta da halinmu. Ku dubi ƴan kabu-kabun garin nan. Mutum zai sayi sabon moto, wato babur, ledar nan mai ƙuraje da anka naɗo shi da ita daga kamfani ba zai cire ta ba, sai ya ƙara ɗaure ta da roba, ya yi shekara yana yawo da ita tana kaɗawa kamar tsumma, in ta yage ya yi baƙin ciki. Ku shiga ɗakin amarya, kujera na cikin leda, baƙo ya zauna gumi ya manne shi. Mu abin da anka yi don ya tsare kaya, shi muke komawa tsarewa. Haka Isufu ya yi da motata. Ya kafa mata rumfar kwano a tsakar gida, daidai inda nike shanya albasa. Ya sayo mata wani babban mayafi yana lulluɓe ta, wato leda ta samu riga. Ɗiyansa na cikinsa in sunka matso kusa sai tsawa. Akuyata ya sa anka ɗaure ta bayan gida, ita da ta shekara shida tana yawonta. Makulli kuwa yana aljihunsa, tunda shi ne mai permi.

Wata uku motar ba ta taka ƙasa ba sai gudro, wato kwalta. Ta je masallacin Juma'a, ta je bakin gada ta juyo, ta je Gaya ɗaurin aure sau biyu. Ranar da na ce mu je Gene in duba wata gona, ya ce hanyar gonar akwai rassa. Ranar da na ce a sa mini buhu uku a baya, ya ce warin albasa ba ya fita daga kujera. Albasar da ta haifi motar! Na koma hawan kabu-kabu ina wuce motata a tsakar gidana. Abokan sana'ata a kasuwa sunka samu abin yi.

“Hajiya, yaya amarya? Har yanzu ba ta fita daga lalle ba?”

Nakan ce musu tana gaishe su. In na dawo gida in haɗiye. Sau nawa na buɗe baki zan yi magana, sai kunyar ɗan fari ta rufe shi. Nikan aika ta bakin matarsa, ita kuma ta rage rabi a hanya. Wannan laifina ne, kuma na rubuta shi nan don kada ku ce na wanke kaina.

Ranar Juma'a ce, ƙarshen damina, kasuwa ta cika maƙil, ina tsakiyar ciniki da wasu mutanen Kamba. Salula ta yi ƙara. Mijin Yaya Biba ne. Ya ce kwana biyar da sunka wuce hauya ta sare ta a ƙafar hagu cikin shinkafa, sun sa magani na gida, yanzu ƙafar ta kumbura har gwiwa, jikinta kamar wuta, ba ta gane mutane sosai. Na ce kada su motsa ta, ga mota nan tafe. Na kira Isufu nan take. Ranar ban aika ta bakin kowa ba.

“Kai, ka tashi yanzu ka tai Tumbutu ka ɗauko Yaya. Ka shimfiɗa ta a baya, ka wuce da ita likita. Ina nan zuwa.”

“To, Inna.”

To ɗin da ya ce ke nan. Na sallami mutanen Kamba, na bar wa maƙwabciyata rumfa, na tafi gidan likita na zauna a ƙofa ina duban hanya, duk baƙar motar da ta ɓullo sai in miƙe. Ana kiran sallar Juma'a sai ga wani moto ya shigo a hankali. Mutum biyu a kai, an ɗaure su wuri guda da zane. Na dube su na kau da kai, don ban kawo a raina nawa ba ne. Sai na gane zanen. Ni na saya mata shi da Sallah.

An ɗaure yayata a bayan ɗan kabu-kabu kamar buhun gero. Kanta na lilo a kafaɗarsa. Ƙafar da ta kumbura an miƙe ta waje an tallafe da tsumma, ita kowa ya kula da ita. Ƙafar dama, mai lafiyar, ba wanda ya duba. Tun daga Tumbutu ƙaurinta ke kwance bisa salansa, ƙarfen nan da hayaƙi ke bi, ita kuma ba ta cikin hayyacin da za ta ce wayyo. Da munka kwance zanen munka ɗaga ta, fatar ta zauna a jikin ƙarfen. Na ji warin. Har gobe in anka babbaka kan rago a unguwa sai in shiga ɗaki. Ɗan kabu-kabun, magidanci ne da furfura a gemu, ya riƙe kai yana rantsuwa bai sani ba. Ya ce Isufu ne ya same shi a tasha ya ce ya je ya ɗauko wata tsohuwa, bai ce masa ciwon ya kai haka ba. Ban ga laifinsa ba.

Likitoci sun yi abin da za su yi. Sun tsaga ƙafar hagu, sun wanke ta dama sun naɗe, sun sa mata ruwa. Wajen la'asar ta buɗe ido ta gan ni. Ta dubi ƙafafunta biyu cikin farin ƙyalle, ta daɗe tana dubansu, sannan ta yi ɗan murmushin nan nata.

“Ramu, ina motar taki?”

Na riƙe hannunta, ta ci gaba.

“An ce mini fata biyu gare ta. Ni ko guda ce Allah ya ba ni, ga ta can na baro wa mai moto.”

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na gyara mata mayafi na fito.

Na iske Isufu a tsakar gida. Ya dawo daga masallaci da motar, yana goge mata ƙafafu da tsumma mai laushi. Matarsa na tsaye, Baba Hima na zaune bakin zaure. Na tsaya a gabansa na dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tunda na haife shi.

“Me ya hana ka zuwa?”

“Inna, na aika ai. Moto ya fi sauri a hanyar nan.”

“Me ya hana ka zuwa?”

“Hanyar ba ta da kyau. Ruwa ya cinye ta, ga ƙaya hagu da dama. Kuma mai ledar ya ce in ta shiga daji garanti ya mutu. Yana cikin takarda.”

“Kawo takardar.”

Ya yi dariya kaɗan. Ba ta raini ba ce can, amma na ji ta.

“Da Faransanci take, Inna.”

“Na ce kawo.”

Abin da bai lissafa ba, shekara uku ke nan ina zuwa karatun manya, har da Faransanci, duk Litinin da Talata bayan la'asar, ni da wasu tsofaffi bakwai, muna zaune bisa bencin yara gwiwoyinmu na taɓa teburi. Kun sha yi mini dariya kuna cewa Inna ta tai lakwal. Ban ƙware ba, amma in na sa yatsa ina bi harafi harafi, nikan isa. Ya buɗe akwatin gaban mota ya miƙo. Na zauna bisa turmi, na sa tabarau, na karanta da ƙarfi kowa na ji. Na daɗe. Inda na tuntuɓe na koma baya na sake. Takardar ta ce kada a wanke motar sai bayan kwana bakwai. Ta ce kada a matsa ruwa mai ƙarfi a bakin ledar. Ta ce ledar tana tsare fenti daga tsakuwa, da rassan itace, da kashin tsuntsu. Rassan itace. Na maimaita kalmar sau biyu, na tambayi Baba Hima ko na yi kuskure, shi da ya yi shekaru yana mu'amala da jandarma da Faransanci. Ya ce daidai na karanta. Na juya bayan takardar, babu daji, babu ƙaya, babu Tumbutu.

“Ina wurin da ya ce kada ta shiga daji? Nuna mini da yatsanka.”

Ya sunkuyar da kai.

“Da baki ya faɗa.”

“Ƙarya kake. Kai ka zuba ruwan zafi a gabanmu. Kai ka ce ko an karce ta tana warkewa. Ƙafar Yaya wane ruwa za ka zuba mata?”

Matarsa ta shige ɗaki. Baba Hima ya ce in yi haƙuri, yaro ne. Na ce yaro mai ɗiya biyu. Ya ce to ledar ce ta ruɗe shi. Na ce a'a, ledar ba ta yi komi ba, aikinta anka hana ta. Na miƙa hannu. Isufu ya dubi hannun, ya dube ni, ya ciro makulli ya aje mini a tafi. Tun ranar wani abu ya tsage tsakanina da shi. Muna gaisawa, yana yi mini duk abin da ɗa ke yi, amma kunyar nan da ke tsakanin uwa da ɗan fari, wadda ni da shi muke fakewa cikinta, ta tafi ba ta dawo ba. Na yi kewarta, ba zan ɓoye ba. Yaya Biba kuwa ƙafar hauya ta warke sarai cikin wata biyu. Ta salansa ce ta bar mata tabo mai faɗin tafin hannu, fari da baƙi, ya tsuke mata jijiya har tana ɗingishi. Ni na yi mata wanka ranar da ta rasu, shekara shida bayan haka, na sake ganinsa.

Zainabu ɗiyata, ke kinka tono zancen nan da kinka kira daga Paraku kina tambaya ko ki sa wa taki motar irin ledar, ƴan'uwanki na ihu a bayanki wai ki ɓoye ta daga wuƙar Inna. Ga amsata, tunda ranar na kashe salula ban ba ki ba. Ledar tana aiki. Shekara bakwai motata ta yi tana shiga gonaki, gabanta bai tsattsage ba kamar na sauran motocin garin nan, ƙaya kuma ta yi ta zane ƙofofi rana na shafewa. Daga baya bakinta ya riƙa tara jar ƙasa yana ɗagowa, a kapo ta ɗan yi ja-ja saboda zafin ranarmu, amma fentin da ke ƙasa lafiyarsa lau. In kina bin doguwar hanya kullum, kuma kin samu mai hannu ya manna, ki sa a gaba kaɗai ya isa. Amma ki tambayi kanki tukuna. In za ki sa ta ne don ki daina tsoro, ki sa. In kin san bayan kin sa za ki fara raɓe wa hanya kina jin tsoron ledar ma, ki bar kuɗinki ki sayi taya.

Washegarin ranar da anka kawo Yaya likita, Asabar, na yi sallar asuba na jira gari ya waye sosai, don ina son a gani. Na yaye mayafin motar na ba matar Isufu na ce ta yi shimfiɗar shanya kuɓewa da shi. Na kwance akuyata. Na aika anka kira Baba Hima, ya zo da tsohon permi nasa a aljihu. Isufu ya fito ƙofar ɗakinsa ya tsaya. Mata sunka leƙo ta katanga. Na ciro wuƙar da nike yanke ganyen albasa da ita. Na bi da yatsa har na ji inda ɗan tudun nan ya ƙare, don ba na son tabon da ruwan zafi zai shafe. A baya, bisa fenti tsirara, na dasa bakin wuƙar na ja da ƙarfi, tsawon tafin hannu, har farin ƙarfe ya fito.

“Inna!”

“Shi ke nan, ta tsufa. Ka huta.”

Na miƙa wa Baba Hima makulli, na buɗe gaba na zauna. Na ce Tumbutu za mu, mu ɗauko mijin Yaya ya ga matarsa, mu ɗauko mata kayan sawa, in akwai wuri mu sa buhun shinkafa biyu. Ya tada mota, ya dube ni ta gefen ido.

“Hajiya, in munka kai wurin ƙayar, in raɓa ta ina?”

Na ce ya bi tsakiya.